Ban Zo Gadin Jaka Ba

Tun ranar da likita ya ce sukari ya fara taɓa ta, Tasallah ta daina shiga mota zuwa Harami. Bayan asuba take fitowa daga gidansu a Ranuna, ta ɓulla ta masallacin Ƙuba, ta miƙe hanyar masu ƙafa har ta hango hasumiyoyi, ta kuma dawo a ƙasa. Wata takwas tana haka. Shekarunta hamsin da shida, talatin daga ciki a Madina ta yi su tana ɗinkin abaya a ɗan ɗakin da ke jikin kicin. A Sudan aka haife ta, a bakin kogi, kuma ta manta rabonta da ta ga ruwa yana gudu da kansa ba daga famfo ba.

'Yarta Sumaya, wadda ke aikin jinya, ita ta kawo maganar. An yi ruwa a duwatsun da ke kan hanyar Yanbu, wani ɗan kwazazzabo ya kawo, kuma akwai ƙungiyar mata da ke kai mutane su bi shi daga sama har ƙasa. A wurare uku ruwan yake faɗowa daga kan dutse, a nan ake ɗaura wa mutum igiya ya sauka da ƙafafunsa.

"Na 'yan koyo ne, Umma," in ji Sumaya. "Awa uku an gama. Ni zan je."

"Ki rubuta da ni."

Sumaya ta yi dariya, sai ta ga uwar ba ta yi ba. Ta rubuta su biyu. A takardar akwai wurin da aka tambaya ko mutum ya yarda a ɗauki hotonsa. Tasallah ta ce a'a, Sumaya ta sa a'a.

Ranar Asabar mijinta Lurwanu ya kai su da motarsa. Ya ce shi zai zauna a inuwa da rediyonsa, bai ga abin da ya yi masa zafi da zai rataye kansa a jikin dutse ba. Sun iske mata tara a gindin wata bagaruwa, yawancinsu sa'o'in Sumaya. Shugabar tafiyar wata doguwar yarinya ce baƙa, da waya maƙale a ƙirjinta. Tasallah na ganin goshinta ta gane jinin. Sundus ce, jikar marigayiya Hawa mai tuwo ta bayan masallacin Ƙuba. Ranar sunanta ma Tasallah na cikin waɗanda suka tuƙa.

"Sannu 'yata, ina Mamanki?" ta ce da Hausa, tana murmushi.

Sundus ta amsa da Larabci, a gajarce, cewa tana lafiya. Ta duba takardar da ke hannunta, ta dubi Tasallah daga sama har ƙasa, sannan ta juya ga Sumaya kamar uwar ba ta wurin, tana kiran uwar Khala, wato inna da Larabci.

"Khala za ta tsaya wajen motoci ko? Akwai tabarma da shayi. Sai ta riƙa duba mana jakunkuna."

Kafin Sumaya ta buɗe baki, wata mai jan gilashi ta riga ta miƙo wa Tasallah jakarta da makullin mota. "Allah ya saka, Khala, akwai dabino a ciki in kina so."

Tasallah ta dubi jakar, ba ta karɓa ba. Ta yi magana da Larabcin da ta shekara talatin tana ciniki da shi a kasuwa.

"Sunana yana cikin takardar nan ko ba ya ciki?"

"Yana ciki, amma..."

"To ban zo gadin jaka ba."

Sundus ta ce ba raini ba ne, dutse ne da santsi, kuma ba ta jin akwai ɗamarar da za ta shige ta. Ɗamarar ita ce wadda ake zura ƙafafu a ciki a ɗaure a ƙugu, a jikinta ake maƙala igiya. Mataimakiyarta, wata gajeriya mai suna Hibatullah, ta ce a hankali akwai babba guda a bayan mota. Sundus ta harare ta, amma magana ta riga ta fita. Aka ɗauko. Ta shiga daidai, har da saura.

Suka hau ta gefen dutse kusan minti arba'in. Biyu daga cikin 'yan matan sai da suka zauna sau biyu suna haki. Tasallah ba ta zauna ba. Gwiwarta ta hagu tana yi mata magana, ta ƙi saurarenta, don ta san duk lokacin da ta tsaya Sundus na waigowa. Da suka kai sama ta ji ƙarar ruwa tun kafin ta gan shi. Ɗan siriri ne, bai fi faɗin tabarma ba, yana bin tsakanin jajayen duwatsu, garai-garai har ana ganin tsakuwar ƙasa. Ta tsuguna ta sa hannu. Sanyinsa ya ratsa ta har kafaɗa.

A bakin gangare na farko Sundus ta yi bayani. Ta nuna ƙarfen da igiya ke bi ta cikinsa, ta ce hannun dama yana bayan ƙugu riƙe da igiya, ko me ya faru kada a sake shi. A juya wa ramin baya, a buɗe ƙafafu, a jingina kamar za a zauna a kujerar da babu. Hibatullah za ta riga kowa sauka ta riƙe bakin igiyar a ƙasa, in mutum ya kuɓuce ta ja ta tsayar da shi. Gaskiya Sundus ta iya aikinta. Tasallah ta lura da yadda take duba kowane ƙulli sau biyu, kuma hakan ya ƙara mata haushi, don da ta so a ce yarinyar ba ta iya komai ba.

Da Sundus ta gama sai ta ce wa Sumaya, "Ki fassara wa Khala."

"Na ji," in ji Tasallah.

Ita aka bari ta ƙarshe. Mita biyar ne kawai, bai kai tsayin gidansu ba. Amma da ta juya wa ramin baya, ruwa na dukan idon sawunta, sai ƙafafun suka ƙi. Ba ta taɓa sanin jikinta zai iya yi mata gardama haka ba. Ta ce Bismillah, ta jingina kaɗan, igiyar ta riƙe. Ta taka ɗaya, ta taka biyu. A na uku ta manta ta haɗe ƙafafunta, tafin ya zame a kan gansakuka, ta bugi dutse da gwiwa da kafaɗa, ta tsaya tana lilo a tsakiyar ruwa. Hular kwanon da aka sa mata ta karkace ta rufe mata ido ɗaya. Ruwa ya shiga hanci. Mayafinta ya manne mata a fuska, ta yi ta tofarwa tana neman numfashi.

Wata a ƙasa ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi saurin toshe baki. Daga sama kuma muryar Sundus ta sauko, ba da ƙarfi ba, amma ta iso.

"Abin da na faɗa ke nan."

Hannun daman Tasallah bai saki igiya ba. Ta lalubi dutse da ƙafa ɗaya, ta kafa ta biyun, ta tura jikinta baya, ta ƙarasa sauka cikin ɗan tafkin da ya kai mata cinya. Sumaya ta rungume ta tana tambayar gwiwar.

"Sake ni, mutane na kallo," in ji ta.

Tsakanin gangare na farko da na biyu tafiya ce a cikin ruwa, wani wuri zuwa gwiwa, wani wuri sai an dafa bango. Kwazazzabon ya matse har sama ta koma ɗan tsiri. 'Yan matan suna ta ihu suna watsa wa juna ruwa. Tasallah na baya tana ɗingishi a ɓoye, tana maimaita wa kanta: a buɗe ƙafafu, a buɗe ƙafafu.

Na biyun mita takwas ne. Sundus ta ɗauko wata igiya daban ta fara ƙulla ta a bayan ɗamarar Tasallah ba tare da ta tambaye ta ba.

"Mene ne wannan?"

"Ni zan zura ki daga nan. Ba sai kin yi komai ba, ki riƙe ɗamarar kawai ki rufe ido."

"Kamar guga."

"Khala, lokaci na tafiya. Akwai mutum tara ban da ke."

"Waccan mai jan gilashin minti nawa ta yi a bakin nan tana kuka? Na ƙirga, ya fi goma. Kin zura ta?"

Sundus ta ci gaba da ƙulla igiyar.

"Faɗuwa na yi, ban saki igiya ba. Ke kika ce kada a saki, ban saki ba. In akwai abin da na yi ba daidai ba ki gaya mini kamar yadda kike gaya wa kowa."

Yarinyar ta ja numfashi, ta kwance igiyar. Ta ce, tana kallon gefe, "Kina miƙewa tsaye da yawa. Ki ƙara kwantawa baya. In kin ji kamar za ki faɗi, to a nan ne daidai."

Tasallah ta kwanta baya har ta ji kamar za ta faɗi. Tafin ƙafafunta suka kama dutsen sosai. Ta sauka a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, tana sakin igiya kaɗan-kaɗan, ba ta zame ba. Hibatullah ta ce mata ma sha Allah a ƙasa, ta taya ta cire ƙarfen.

Na ukun shi ne babba, mita goma sha biyu, kuma daga tsakiya dutsen ya shige ciki, mutum ya rage shi da igiya da ruwa. Wannan karon Tasallah ba ta jira a bar ta ƙarshe ba, ta shiga layi ta huɗu. Da ƙafafunta suka rabu da dutse ta ji ta a sarari tana juyawa a hankali. Ruwan na zuba a kan hular kamar ana buga ganga. Ta bayan labulen ruwan ta ga wani ɗan kogo cike da koren ganye, da wasu tsuntsaye biyu da suka yi tsit suna kallonta. Ta tsayar da igiyar da kanta, ta ɗan dakata a nan. Ba wanda ya ce ta tsaya, ba wanda ya ce ta tafi. Sannan ta sassauta hannu ta sauka har ƙafarta ta taɓa yashi.

Lurwanu ya ga ta fito jiƙe sharkaf tana ɗingishi, ya tashi da sauri.

"Lafiya, Hajiya?"

"Lafiya lau. Buɗe mini mota in canja kaya."

An shirya kowa zai tsaya a wani wurin hutawa a bakin titi a yi sallah a ci abinci kafin a rabu. Sun yi azahar, an kawo shinkafa da kaza a ɓangaren mata. Tasallah ta ci da yunwar da ta daɗe ba ta ji irinta ba. Har ta fara hucewa. Tana cikin wanke hannu ta ga Sumaya ta ƙura wa wayarta ido, fuskarta ta canja.

"Mene ne?"

"Ba komai, Umma."

"Ba ni."

A shafin ƙungiyar ne. Ga ta nan a gangare na farko, an ɗauko ta daga sama. Ƙafa ta zame, jiki ya bugi dutse, hula ta karkace. An maimaita faɗuwar sau uku, an sa wani kiɗa na ban dariya a ƙarƙashi. Rigarta ta manne a jikinta, gefen gashinta mai furfura ya fito. A ƙarshe an nuna ta tsaye a tafki tana haki. An rubuta da Larabci: Har Hajiya ta iya, ke mene ne uzurinki? Minti ashirin da sawa, mutum ɗari huɗu sun gani.

Ta kalla har ƙarshe. Ta miƙa wa Sumaya wayar, ta share hannunta da kyau, ta taka zuwa inda Sundus ke zaune a tsakiyar 'yan matan. Wannan karon da Hausa ta yi magana, kuma ba ta rage murya ba.

"Ke Sundus. Tashi."

'Yan matan duk suka juyo. Sundus ta tashi, ta fara cewa da Larabci, "Khala, in maganar bidiyon ce..."

"Na san kina jin Hausa. Da ita kakarki ta yi miki rawa a cinya, ina zaune. Ki amsa da duk yaren da kika ga dama, amma da wannan za ki ji. An tambaye ni a takarda ko na yarda a ɗauke ni, na ce a'a. Kin karanta ko ba ki karanta ba?"

"Ai yabo ne. Mutane suna ta cewa ma sha Allah, ki duba ki gani. Ƙarfafa wa mata gwiwa nake yi."

"Da tawa gwiwar? Da safe kin ce ban isa in sauka ba, in zauna gadin jaka. Da rana na isa ki yi talla da ni. Sau uku na sauka dutsen nan. Ina na biyu? Ina na uku? Wanda na faɗi shi kaɗai kika gani, har kika maimaita shi sau uku da kiɗa. Shekara talatin ina garin nan, namijin da ba muharramina ba bai taɓa ganin gashina ba. Yau kin raba wa mutum ɗari huɗu kafin in gama cin abinci."

Yawancin 'yan matan ba su jin abin da take faɗa, amma ba wadda ta nemi fassara. Mai jan gilashi ta tambayi Sumaya a hankali, Sumaya ta gaya mata, ta rufe baki da hannu. Hibatullah ta ce wa Sundus da Larabci, tana kallon faranti, "Na gaya miki ta sa a'a."

Idon Sundus ya kawo ruwa. Ko kunya ce ko haushin an tsinka ta a gaban mutanenta, Tasallah ba ta sani ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Yarinyar ta ciro wayar ta goge abin daga shafin.

"Da na cikin wayar," in ji Tasallah.

Sundus ta buɗe, ta zaɓi duk abin da ta ɗauka ranar, ta goge gaba ɗaya, ta juya fuskar wayar ta nuna mata. Sannan ta ce da wata Hausa mai tauri, kamar wadda aka daɗe ba a buɗe ba, "Ki yi haƙuri, Inna."

Tasallah ta dube ta. Ta san abin da ake jira ta ce, ta kuma san in ta faɗa yanzu ƙarya ce.

"Na ji," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Suka kama hanya a mota har suka fara hango gari. Gwiwar ta kumbura ta yi tsami. Wayarta ta yi ƙara sau biyu, ta duba ta ga maƙwabciyarta Asama'u ce, ta kife ta. A karo na uku saƙon murya ya shigo, Sumaya ta ɗauki wayar ta kunna ba da niyya ba. Muryar Asama'u ta cika motar: "Tasallah, wai ke ce na gani a waya kina reto a jikin dutse? Ƙanwata ce ta turo mini. Innalillahi, me ya kai ki? Ba ki karye ba dai?"

"Kashe," in ji Tasallah.

Sun isa gida ana kiran magariba. Bayan sallah ta zauna a falo ta miƙe ƙafa, Sumaya ta naɗe ƙanƙara a tawul ta ɗora mata. Lurwanu ya kawo shayi da kansa, abin da ba ya yi, ya zauna a gefe yana juya kofi.

"To ni ban ga komai ba," ya ce. "Sumaya, ba ki ɗauki na babban ba? Wanda kuka ce ya fi duka?"

Sumaya ta girgiza kai. "Wayata na cikin mota, Baba. Kuma ko tana hannuna ba zan iya ba, addu'a nake ta yi."

"Ita shugabar tafiyar ta ɗauka ai."

"Ta goge duka. Umma ce ta sa ta."

Tasallah ta yi tsaki. Sai yanzu abin ya zauna mata sosai. Faɗuwar tana nan tana yawo daga waya zuwa waya a Ƙuba, ba mai iya kamo ta, gobe a hanyar Harami ma sai an tare ta da ita. Saukar da ta yi da kyau kuwa ba ta ko'ina.

"Allah ya isa tsakanina da kiɗan nan," ta ce. "Ko faɗuwar ban ji haushinta kamar kiɗan ba."

Lurwanu ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta gan shi, ya mayar da fuska.

"To ki ba ni labari da bakinki," ya ce.

Ta yi kamar ba za ta faɗa ba. Ta kurɓi shayi, ta gyara tawul ɗin a gwiwa. Sannan ta ajiye kofin, ta kai hannun dama bayan ƙugu ta damƙe igiyar da babu, ta ce masa ya matsar da teburin nan tukuna don ya ga yadda ake buɗe ƙafafu.